Neman Gurbin Bincike Bayan Digirin Digirgir: Fara da Mai Masauki

Ranar da na kare kundin digirina na uku, ban ma gama karɓar barka ba wani dattijon farfesa a sashenmu ya ja ni gefe ya ce, "Dakta, agogonka fa ya fara tafiya yau." Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin ta manya. Sai da na shekara biyu da rabi ina koyar da 'yan aji ɗaya ilmin sinadarai, zaure cike har bakin taga, ina duba takardun jarrabawa har tsakar dare, sannan maganar ta faɗo mini. Kusan duk wani tallafin bincike na bayan digirin digirgir, wanda a tsakaninmu muke kira fosdok, yana da iyakar shekaru, kuma daga ranar da ka gama ake fara ƙirge. Ni dai saura ƙiris in makara.

Aikina a kan yumɓu ne, yadda za a sarrafa shi ya zuƙe dalma daga ruwan sha. Da shi na samu tallafin Georg Forster na gidauniyar Alexander von Humboldt, na yi shekara biyu a wata jami'a a Jamus, na dawo. Tun daga lokacin ba a mako guda wani sabon dakta bai ƙwanƙwasa ofishina ba, kuma tambayar ɗaya ce: "Malam, a taimaka mini da adireshin shafin da ake cikewa." Ina ba su, amma nakan ce su zauna tukuna. Shafin shi ne na ƙarshe a cikin aikin. Wanda zai karɓe ka a ɗakin gwajinsa, wato mai masauki, shi ne na farko, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa.

Fosdok iri biyu ne, kuma rikita su yana ɓata wa mutum watanni. Akwai wanda aiki ne kawai: farfesa ya samo kuɗin bincike, yana neman hannu, ya tallata, ka nema kamar kowane aiki, in an ɗauke ka ka yi abin da aka riga aka tsara. Irin waɗannan ana ganin su a shafukan tallar aiki irin su EURAXESS na Tarayyar Turai, da jobs.ac.uk na Birtaniya, da Nature Careers, da shafukan jami'o'i irin su KAUST da ke Thuwal da KFUPM da ke Dhahran a Saudiyya. A Amurka ma kusan ta nan baƙo yake shiga, domin tallafin da hukumomin bincike na gwamnati, NSF da NIH, suke ba mutum da sunansa galibi na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Ɗaya irin kuwa naka ne: kai ka kawo tunanin, wata gidauniya ta biya ka, jami'a ta ba ka masauki da kayan aiki. Shi ne ya fi wahalar samu, shi ne ya fi daraja a takarda, kuma shi na sani da hannuna.

Kafin komai, ɗauki alƙalami ka ƙirga shekarunka. Humboldt tana ba sabon dakta shekara 4 daga kammalawa, bayan nan sai dai ya nema a rukunin gogaggu, inda iyakar take shekara 12 amma ana son ganin ya riga ya kafa kansa. JSPS, hukumar tallafa wa bincike ta Japan, shekara 6. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai shekara 8 na aikin bincike. Jami'o'in Afirka ta Kudu da yawa suna tsayawa a shekara 5. Abin da ke cin mutanenmu shi ne muna da ranaku uku: ranar kare kundi, ranar da majalisar jami'a ta amince, da ranar da takardar shaidar ta fito, wani lokaci tsakanin ta farko da ta ƙarshe shekara ce cur. Kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi. Karanta ƙa'idar kowace gidauniya ka ga wace rana take nufi, in abin bai fito fili ba ka aika musu imel, suna amsawa. Sannan akwai rangwame da ba kowa ya san da shi ba. Marie Curie ba ta ƙirga lokacin da aka yi a hutun haihuwa, ko a wani aiki da ba bincike ba, muddin akwai takardar da ta tabbatar. Malamin da rabin lokacinsa koyarwa ce yana iya samun sauƙi ta nan. Humboldt ma tana la'akari da shekarun raino.

To, ina ake samo mai masauki? Yana cikin kundinka. Buɗe shafukan ƙarshe inda ka jera ayyukan da ka dogara da su, ka duba sunayen da suka fi maimaituwa. Waɗannan mutanen kun riga kun shekara uku ko huɗu kuna hira, su ne dai ba su sani ba. Fitar da goma. Kowanne ka nemo abin da ya wallafa a shekara uku da suka wuce, domin mutum yana iya barin fagen da ka san shi da shi tun tuni. Duba sashen da yake bayanin hanyar gwaji, a nan za ka ga na'urorin da yake da su. Ni abin da nake nema shi ne ɗakin gwaji mai na'urar auna ƙarafa a ruwa ko da ɗigo ne cikin tafki, da na'urar duba tsarin ƙwayoyin yumɓu. A gida sai in aika samfuri wata jiha in jira wata biyu, in sakamakon ya zo ba ni da hanyar tabbatar da shi.

Ra'ayina, kuma na san wasu ba za su yarda ba, kada ka fara da giwar fagen. Mai babban suna yana karɓar wasiƙu irin taka fiye da yadda zai iya karantawa, in ma ya karɓe ka ba lalle ka gan shi sau biyu a wata ba. Nemi wanda ya kafa ɗakin gwajinsa shekara biyar zuwa goma da suka wuce, mai yunwar sakamako. Dakta da ya zo da kuɗinsa daga gidauniya riba ce gare shi, ba zai biya albashi ba, kuma a Jamus karɓar baƙon Humboldt abin alfahari ne ga sashe. Irin wannan shi zai zauna ya gyara maka daftari layi-layi.

Wasiƙata ta farko abin kunya ce, ina da ita har yau. Na buɗe da gaisuwa mai sakin layi guda, na tambayi lafiyar iyali da aiki, na yabi jami'arsu, na ba da tarihina tun daga sakandare, na ce a shirye nake in yi kowane irin bincike da aka ba ni. Na aika wa mutum goma sha ɗaya ita, suna kawai nake canzawa. Ɗaya daga cikinsu ma mace ce na kira ta da lafazin namiji, don ban tsaya na duba hotonta ba. Babu wanda ya amsa, ko ɗaya. A wurinmu shiga magana ba gaisuwa rashin tarbiyya ne. A wurinsu, mutumin yana karanta saƙonka a waya tsakanin taro da taro, in layi uku suka wuce bai ga abin da ya shafe shi ba ya tafi. Kalmar nan kuma ta "kowane irin bincike", da muke ɗauka tawali'u ce, su abin da suke ji shi ne wannan bai san abin da yake so ba.

Wadda ta yi aiki ba ta kai rabin shafi ba. A kan saƙon na rubuta sunan tallafin da batun binciken. Layin farko na ambaci wata maƙalarsa ta shekarar da ta gabata, na ce hanyar da ya bi ya gyara fuskar yumɓu ta yi aiki a ruwan da aka haɗa a ɗakin gwaji, amma ina shakkar za ta yi a ruwan rijiya mai gishiri-gishiri da ƙarfe a ciki, kuma ina da dalili daga gwajina. Na ce ina da yumɓu daga wurare huɗu da na riga na tantance, ina da hanyar samun ruwan rijiyoyi na yankin da ake haƙar zinariya. Na ce zan nemi Georg Forster, wadda za ta biya ni, abin da nake buƙata daga gare shi wurin aiki ne da wasiƙar amincewa. Na haɗa takardar tarihin aikina shafi biyu da maƙalata ɗaya, mafi kyau. Bayan kwana huɗu ya amsa, kuma rabin amsar gardama ce a kan shakkar da na nuna. Da na ga haka na san an dace, don mutum ba ya ɓata lokacinsa yana gardama da wanda bai ɗauka da muhimmanci ba.

A nan nake son mai karatu ya daɗe. Muna zuwa wurin mutanen nan kamar masu roƙo, alhali muna riƙe da abin da ba su da shi. Suna da na'ura, mu muna da tambaya da fili. A 2010 duniya ta ji labarin gubar dalma a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Masanin sinadarai a Turai ya karanta wannan a mujalla. Ni na san yadda rijiyar take, na san wa ake gaisarwa kafin a ɗebi ruwa, na san dalilin da zai sa uwar gida ta ajiye matatar da aka ba ta kyauta ta koma randarta. Injiniyan lantarki da ya ga yadda ƙurar hunturu take dusashe farantan sola a Sakkwato ko Agadas yana da abin da ɗakin gwaji a Munich ba zai ƙirƙira ba. Haka mai nazarin gero, haka mai nazarin zaizayar ƙasa ko ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin Tafkin Chadi. Rubuta wasiƙarka a matsayin wanda ya zo da haja kasuwa.

In mako biyu suka wuce shiru, tura tunatarwa ta layi biyu, sau ɗaya. In shirun ya ci gaba, wuce na gaba. Kada ka nemi mutum biyu a sashe ɗaya lokaci guda, suna shan shayi tare. In kuwa da hali, zuwa da kai ya fi saƙo. Akwai shirin TWAS, ƙungiyar masanan kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, da DFG, hukumar tallafa wa bincike ta Jamus, da ke kai matasan masu bincike daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara ziyarar wata uku a ɗakin gwaji a Jamus, kuma wata ukun nan sun isa a san hannunka. Masu ilmin fiziks da lissafi su riƙa duba tarukan horo na ICTP da ke Trieste a Italiya, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a 1964 domin irinmu. Mutumin da ya taɓa ganin ka kana aiki ba ya buƙatar dogon bayani.

Yanzu maganar maƙalu, wadda ba ta da daɗin ji. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ya koya mana ƙirga yawa, shi ya sa za ka ga matashi da maƙala talatin, ashirin da biyar a mujallun da ke karɓar kuɗi yau su buga jibi. Masu tantancewa a waje sun san waɗannan mujallu, kuma ganin su a takardarka yana rage maka, ba ya ƙarawa. Humboldt ma cewa take ka zaɓo 'yan kaɗan da ka fi alfahari da su ka faɗi dalilin zaɓen. Maƙala biyu da kai ne marubuci na farko, a mujallar da masu fagen suke karantawa, sun fi tarin nan. In babu su, dakatar da neman tallafi na wata shida, ka ciro babi mafi ƙarfi a kundinka ka aika inda za a wahalar da kai da gyara. Duba sunan mujallar da kanka a Scopus, rumbun da ke jera mujallun da aka tantance, kada ka yarda da abin da ta rubuta a shafinta.

Ka kuma daidaita sunanka. Ni a fasfo an rubuta sunan mahaifina da wani harafi, a takardar digiri da wani, a maƙaluna biyu na farko kuma na sa sunan garinmu a matsayin sunan ƙarshe. Kwamfuta ta raba ni mutum uku. Buɗe ORCID, kyauta ne, lamba ce mai gurbi 16 da za ta tattara ayyukanka wuri guda, daga nan kuma ka tsaya a kan rubutun da ke fasfo har abada.

Daftarin binciken shi ne inda za ka zub da gumi. Na Humboldt bai wuce shafi biyar ba. Na Marie Curie shafi goma ne, kuma an faɗa maka yadda za a raba maki: kashi 50 na ingancin binciken da cancantar mai yin sa da mai masaukinsa, kashi 30 na tasirinsa, kashi 20 na yadda za a aiwatar. Duk wanda ya cika shafi takwas da kimiyya ya bar sauran biyu ga tasiri da aiwatarwa ya zubar da rabin makinsa da hannunsa. Cutar da na fi gani a daftarin da ake kawo mini ita ce a rubuta shi kamar babin farko na kundi: a fara da cewa ruwa shi ne rayuwa, a bi da yawan al'ummar ƙasa, a jero abin da masana ashirin suka ce, sai a shafi na huɗu a faɗi abin da za a yi. Mai tantancewa yana da tarin irinsa a gabansa da daren Lahadi. Faɗa masa a sakin layin farko: ga tambayar, ga dalilin da ba a amsa ta ba har yau, ga abin da ya sa ni da wannan ɗakin gwajin za mu iya.

Tambaya ɗaya, ba biyar ba. Raba ta gida uku, kowane gida da watanninsa da abin da zai fito daga cikinsa. Sa'an nan ka rubuta abin da za ka yi in gida na biyu ya ƙi. Mukan ji tsoron ambaton gazawa, kamar muna yi wa kanmu baki, amma wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwaji ya san gwaji yana ƙi, kuma daftarin da babu wannan a cikinsa yana nuna marubucin bai taɓa ƙona hannu ba. Mai masaukina ya dawo mini da nawa sau huɗu. A na farko ya soke shafi ɗaya da rabi da layi guda, ya rubuta a gefe cewa duk wannan sun sani. Na kwana biyu ina fushi, sannan na ga gaskiyarsa.

Georg Forster tana da sharaɗi na musamman: na 'yan ƙasashe masu tasowa ne, kuma dole ka nuna yadda binciken zai amfani ci gaban yankinka. Kada ka cika wurin da manyan kalmomi na kawar da talauci. Faɗi wa zai yi amfani da sakamakon, ta wace hanya, da wane kaya da ake samu a kasuwar garinku. Ni na rubuta maganar masu ginin tukwane da irin zafin da wurin gashinsu yake iya kaiwa, domin matatar da sai an gasa ta a tanderun masana'anta ba za ta taɓa isa ƙauye ba. 'Yan'uwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci su lura, a fannin kimiyya da injiniya Humboldt tana son Ingilishi ko Jamusanci mai kyau, don haka a nemi wanda zai duba harshen tun da wuri. In kuma aikinka ya ƙunshi fitar da tsiro, iri, ko ƙwayoyin halitta daga ƙasa, akwai yarjejeniyar Nagoya ta 2010 da ƙasashen Turai suke bi da gaske. Nemi izini da takardar miƙa samfuri tsakanin jami'o'in biyu, ka ambata a daftarin cewa ka san da wannan.

Masu yi maka shaida mutum biyu ne a Humboldt, ɗaya wanda ya duba kundinka. Ba a fafe gora ranar tafiya: sanar da su wata biyu kafin lokaci, ka ba su daftarin da takardar tarihin aikinka, ka tuna musu takamaiman abin da ka yi a gabansu. Wasiƙar da ta ce kai mutumin kirki ne mai ladabi da biyayya ba ta da amfani a can, ana son a ji wace matsala ka warware da kanka. Ni ɗaya daga cikin nawa ya tafi aikin Hajji bai ɗora tasa ba, saƙon da aka aika masa kuma yana kwance a akwatin tarkacen imel ɗinsa. Da ya dawo sai da na je gidansa da kwamfutata bayan sallar isha'i muka yi tare.

Ka shirya wa faɗuwa. A kiran Marie Curie na 2024 mutum fiye da 10,000 suka nema, waɗanda aka ɗauka ba su kai 1,700 ba. Ana rufewa a Satumba, sakamako ya fito wajen Fabrairu, wato in ka jira amsar wuri ɗaya kafin ka nemi wani, shekara ta tafi. Akwai kuma ƙa'idar ƙaura: kada ya zama ka zauna a ƙasar da kake nema fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka gabaci ranar rufewa. Alherin wannan tallafin shi ne ko ka faɗi za a aiko maka da maki da sharhin masu tantancewa, wanda gyara ne kyauta daga ƙwararru. Ni na nema na faɗi, kuma sharhin nan ne na yi amfani da shi na gyara abin da na kai Humboldt. Daftari ɗaya, in an sake masa riga, yana iya zuwa wuri uku. A JSPS mai masaukin ne yake miƙa takardun ta jami'arsa, a tallafin Newton na Royal Society ta Birtaniya kuma tare kuke cikewa da shi, ka ga dai ko'ina ka juya shi ne a bakin ƙofa.

Kada ido ya tsaya a Turai kaɗai. TWAS tana da guraben fosdok a ƙasashe irin su Indiya da Brazil da Malesiya, kuma ɗakunan gwajin CSIR, hukumar bincike ta Indiya, ba wasa ba ne. Jami'o'in Cape Town da Stellenbosch da Wits da Pretoria da Johannesburg suna ɗaukar fosdok da yawa, kuɗin da suke bayarwa ba a cire masa haraji, tafiyar ba ta da nisa, kuma mutum yana iya fitowa da maƙalun da za su buɗe masa ƙofa ta gaba. Ga 'yan'uwa mata, gidauniyar Schlumberger tana da shirin Faculty for the Future tun 2004, na matan ƙasashe masu tasowa a kimiyya da injiniya, har da matakin fosdok, sannan OWSD, ƙungiyar mata masu kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, tana ba da tallafin da ya kai Dala 50,000 ga wadda take son kafa bincikenta a gida ba tare da ta bar iyali ba. Sai dai a riƙa duba ko shiri yana raye kafin a ɓata dare a kansa. FLAIR, na Royal Society da Cibiyar Kimiyya ta Afirka, ya yi suna sosai, amma da Birtaniya ta rage kuɗin agajin waje a 2021 sai ya tsaya, kuma har yanzu ana yawo da tsohuwar sanarwarsa a WhatsApp. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na wakili, ɗan damfara ne. Babu ɗaya cikin waɗanda na ambata da ke karɓar ko sisi.

Maganar kuɗi, kada lambar da ke takarda ta ruɗe ka. A kiran 2024 Marie Curie ta rubuta Yuro 5,990 a wata, amma wannan kafin a daidaita shi da tsadar ƙasar da za ka, kafin a cire haraji da inshora da fansho, har da kason da mai ɗaukar aiki yake biya. Abin da zai shigo asusunka ya yi ƙasa da haka sosai. JSPS tana ba da Yen 362,000 a wata da tikitin jirgi da kuɗin sauka. Na Humboldt tallafi ne ba albashi ba, akwai ƙarin iyali da na inshora, kuma suna biya maka kwas ɗin Jamusanci kafin ka fara aiki. Karɓi kwas ɗin. A ɗakin gwaji Ingilishi ya isa, amma mai gidan haya da ma'aikacin ofishin rajista da likitan yara ba ruwansu. Tambayi mai masaukinka kuɗin hayar ɗaki a garin tun kafin ka sanar da dangi adadin da za ka riƙa samu, don da zarar an canza lambar zuwa Naira a zaure, ka zama attajirin da ba ka sani ba.

Akwai yaƙin gida kuma. In kana koyarwa, fara neman hutun tun ranar da mai masauki ya amince, ba ranar da takardar nasara ta zo ba. Takardata ta yi wata biyar tana yawo daga tebur zuwa tebur, sau biyu ana cewa ba a gan ta ba, har sai da na roƙi a ɗaga mini ranar farawa. Riƙe kwafin komai mai hatimin karɓa. Karanta yarjejeniyar dawowa aiki kafin ka sa hannu, ka san shekara nawa za ka biya, ka kuma tuna abokan aikin da suka tsaya maka, su za a kama in ka ƙi dawowa. Duba ranar ƙarewar fasfo. Mai zuwa Birtaniya a wasu fannonin injiniya da kimiyya yana buƙatar takardar tantancewa ta gwamnati mai suna ATAS kafin biza, kuma tana ɗaukar makonni. Amurka ta tsaurara biza ga ƙasashen Afirka da dama tun 2025, don haka a bincika halin da ake ciki kafin a ɗora buri a can. A Jamus doka ta ba ka mako biyu ka yi rajistar adireshinka bayan ka tare, kuma sauran takardu da yawa a kanta suke rataye, ga shi samun ɗaki a garin jami'a ya fi samun bizar wuya. Roƙi ofishin baƙi na jami'ar su sa ka a gidan saukar masu bincike ko na wata uku ne.

Wata shida kafin ka gama, fara shirin dawowa. Humboldt tana da tallafin komawa gida na har shekara guda, tana kuma taimaka wa tsofaffin baƙinta na ƙasashe masu tasowa da kuɗin sayen kayan aiki. Ni da farko na sa rai a kan babbar na'ura irin wadda na saba da ita a can. Mai kula da kayan ɗakin gwajin, wani dattijo da ba ya yawan magana, ya tambaye ni awa nawa muke samun wuta a rana, kuma daga ina zan riƙa sayen iskar argon da take sha. Na yi shiru. Muka zauna muka sake jerin: ƙaramar na'urar auna launin ruwa da batir yake iya ɗauka, ma'auni mai kyau, na'urar tace ruwan gwaji, da kayan gyaran kowanne na shekara uku. Samfurin da ya fi ƙarfinsu ina aika masa ta jirgi sau biyu a shekara, ɗalibata ta digiri na uku kuma tana can yanzu tana auna nata da hannunta, wata uku za ta yi.